Matakalar Gida Mai Ƙafafu

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Zane yana riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa tun yana da baƙin gashi, bai faɗa ba. Ba doguwar magana ba ce. Sau da yawa yakan kawo ta har bakinsa, a gaban ɗalibai ko 'yan jarida, sai ya ji an ɗauki tafi, ya haɗiye ta, ya yi murmushi.

Maganar kuwa ita ce, matakalar nan da ake ta yaba masa, wadda ta ɗaga sunansa a cikin masu zanen gine-gine, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Wani kafinta ne.

Ga shi yanzu ɗan wannan kafintan ne yake neman auren 'yarsa.

“Abba, wata takwas ke nan,” in ji Auta. Shayin da ke gabanta ya huce ba ta taɓa shi ba. “Wata takwas ina tambayarka abu ɗaya. Me Dogo ya yi maka?”

Mai Zane bai ɗago daga jaridarsa ba.

“Na ce a'a.”

“Na ji a'ar, Abba. Dalilinta nake nema. Ni malamar lissafi ce. In ɗalibi ya rubuta min amsa bai nuna yadda ya same ta ba, ba na ba shi maki. Kai ka koya min haka.”

Gwaggo, yayarsa, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta, ta dire kofinta da ƙarfi.

“Ji min yarinya! Ubanki ne ɗalibin? Wai ke me kika gani a jikin mutumin da kullum garin katako a gashinsa? Ga Lauya, yaro mai tsafta, ɗan manyan mutane, ko tafiya yake sai ka san ya yi karatu. Shekara biyu yana zarya a gidan nan, ko ruwa ba ki taɓa miƙa masa da fara'a ba.”

“Gwaggo, shekarata ashirin da bakwai. Na san wanda hankalina ya kwanta da shi.”

“Hankali! Da kina da shi ai da ba mu kai yau ba.”

Hawaye suka cika idon Auta. Ta zagayo teburin ta durƙusa kusa da kujerar mahaifinta, ta dafa gwiwarsa.

“Abba, ban taɓa ƙetare maganarka ba, yanzu ma ba zan ƙetare ba. In ka ce kada in aure shi, ba zan aure shi ba. Amma wallahi ba zan auri wani ba. Zan zauna a gidan nan in tsufa tare da kai, ina kawo maka shayi, kullum ina tambayarka dalili. Ka ce min ɓarawo ne. Ka ce min mashayi ne. Ka ce min wani abu, ko ƙarya ce, in samu abin riƙewa.”

Mai Zane ya kawar da kai. Dalilin yana nan, ya san shi sarai. In aka yi wannan aure, to har ƙarshen rayuwarsa zai riƙa zama wuri ɗaya da tsohon kafintan, su ci abinci tare, su ɗauki jikoki tare, mutumin yana dubansa bai ce komai ba. Wannan shirun ne Mai Zane ya shekara talatin yana canza hanya don kada ya gamu da shi.

Ya naɗe jaridar.

“Ku shirya. Ƙarfe goma za a buɗe gidan.”

“Na gaya wa Lauya ya same mu a can,” in ji Gwaggo. “Ke kuma ki wanke fuskar nan.”

Mutanen gari Gida Mai Ƙafafu suke ce masa. Wani likita ne ya sa aka gina shi, da ya rasu magadansa suka ba wa jami'a, aka shekara biyu ana gyara. Yau ne za a fara barin jama'a su shiga kallo, kuma wanda ya zana shi aka roƙa ya zagaya da baƙin farko.

Da motar ta shawo kwana, Mai Zane ya hango shi ta tsakanin itatuwa, sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Ga shi nan tsaye a kan siraran ginshiƙai goma sha biyu, kamar bai taɓa ƙasa ba. Rufinsa a shimfiɗe, ba tudu ba kwano. Taga guda ɗaya ta gilashi ta taso daga wannan kusurwa ta miƙe har waccan. Babu ado ko ɗaya a jikinsa, kuma babu inda ido zai ce an rage wani abu. Yana da shekara ashirin da tara ya zana shi, lokacin da kowa yake cewa gida ba ya tsayuwa a kan ƙafafu.

“Har yanzu dai kamar akwatin da aka ɗora a kan tebur,” in ji Gwaggo.

Ko ita ba za ta ɓata masa wannan kallon ba.

A ƙarƙashin ginshiƙan baƙi sun taru a inuwa: ɗalibai kusan ashirin da littattafansu, shugaban sashen gine-gine na jami'a, da wata 'yar jarida. Lauya ya iso da kwat da tabarau, yana ƙamshin turare, ya rusuna ya karɓi jakar Gwaggo.

Can gefe kuma ga Dogo, kafintan da jami'a ta ɗauka ya jagoranci gyaran katakon gidan. Ya sa farar riga mai guga, amma ya manta da fensir a bayan kunnensa. Ya matso ya sunkuyar da kai.

“Barka da zuwa, Baba.”

Mai Zane ya wuce shi kamar bai ji ba. Ta gefen ido ya ga Auta ta ciji leɓenta.

“Ku tsaya a nan tukuna,” ya ce wa ɗaliban. Muryarsa ta koma irin ta aji. “Kada ku kalli komai. Me kuke ji?”

“Iska,” in ji wata ɗaliba.

“Iska. A titi babu ita, a nan akwai. Na ɗaga gidan ne don ta samu hanyar wucewa ta ƙarƙashinsa, ta sanyaya daɓen bene. Wata uku na yi ina zuwa filin nan da safe da la'asar, ina riƙe da zare a hannu ina duba inda yake karkata, kafin in ja layi ko ɗaya a takarda.”

Bai bi da su ta matakala ba. Ita yakan bari sai ƙarshe. Ta doguwar gangarar da ke gefen gidan suka hau, a hankali, itatuwan lambu suna sauka ƙasa da su, har suka ɓullo a falo.

Ɗaliban suka tsaya suna kallo.

Falon ya tafi tun daga gaba har baya ba bangon da ya tare shi. Wata doguwar kabad ta katako ce kaɗai ta raba wurin zama da wurin cin abinci, ita ma ba ta kai rufi ba. Ta arewa haske ya shigo ta doguwar tagar, mai laushi, ba zafi. Ta yamma kuwa bango ne na bulo mai huda, ya zubo inuwarsa a daɓe gida-gida kamar saƙa.

“Ku dawo da ƙarfe huɗu ku ga inda inuwar nan za ta kai,” in ji Mai Zane. “Matar likitan ba ta duba agogo a ɗakin nan. In inuwa ta taɓa ƙafar kabad, ta san yara sun kusa dawowa daga makaranta.”

Lauya ya shafa bangon kankaren da ke kusa da shi, ya duba tafin hannunsa.

“Baba, shi mai gidan rasuwa ya yi kafin a kai ga filasta?”

Wani ɗalibi ya toshe bakinsa da littafi.

“Yauwa, ɗan albarka,” in ji Gwaggo. “Ni ma shekara talatin ina son yin tambayar nan. A ce likita guda, ko fenti!”

“Da ni ne,” in ji Lauya, “da tayil aka bi shi da shi, mai ƙyalli. Sai ya fito.”

Mai Zane ya dube shi na ɗan lokaci.

“Matso da idonka,” ya ce. “Me ka gani a jikin bangon?”

“Kamar zanen katako.”

“Shi ne. Kankare ruwa ne kafin ya bushe, sai an buga masa akwatin katako an zuba shi a ciki. In aka cire katakon, kowane zare na jikinsa, kowane ido, yana nan a bangon har abada. Kowane falle da ka gani a nan zaɓarsa aka yi, aka jera shi don zarensa ya haɗu da na maƙwabcinsa. In ka shafa filasta a kai, ka rufe aikin wata biyu.”

“Wa ya jera su, Malam?” in ji ɗalibar nan ta ɗazu.

“Ma'aikata,” ya ce, ya yi gaba da sauri.

Ya nuna musu kicin, inda aka auna tsayin wurin wanke-wanke da tsayin matar likitan don kada ta riƙa sunkuyawa. Ya nuna musu ɗakunan kwana, kowanne da ƙananan ƙofofin iska a saman ƙofarsa, ta yadda ko an kulle ɗaki iska ba ta tsayawa. Ya buɗe taga ɗaya da ɗan yatsa, ta tafi sumul ba ƙara.

“Tagogi arba'in da biyu ne,” in ji shugaban sashe. “Mun so mu cire su mu sa na ƙarfe. Dogo ne ya ƙi. Ɗaya bayan ɗaya ya kwance su, ya fitar da inda ya ruɓe, ya yi musu ƙari da irin katakonsu. Nemo wurin ƙarin in ka iya.”

Mai Zane ya duba. Ya sa tabarau ya sake dubawa. Bai samu ba.

Ya ga yadda fuskar Auta ta haskaka, ta ɗaga kai kamar ita aka yaba.

“Kai, Dogo kake ko wa?” in ji Lauya. “Samo wa Gwaggo kujera mana. Ba ka ga ta gaji ba?”

Dogo ya kawo kujerar, ya goge ta, ya ajiye wa Gwaggo.

“Kai ma a kawo maka, ranka ya daɗe? Na ga takalmin ya matse ka tun a gangara.”

Auta ta juya ta fuskanci taga, kafaɗunta suna rawa.

A kan rufi baƙi suka watsu suna ɗaukar hoto a cikin shukoki. Mai Zane ya koma can ƙarshe shi kaɗai, wajen tankin ruwa. Nan Dogo ya same shi, da wata doguwar takarda a naɗe a hannunsa.

“Baba, minti ɗaya nake roƙo.”

“Ba ni da abin da zan ce maka.”

“Ba maganar Auta ba ce. Wannan na tsinta a sito, cikin kayan likita. Jami'a ta ce a sa duk tsofaffin zanen gidan a akwatin gilashi mutane su gani. Na sa sauran. Wannan ban sa ba.”

Mai Zane ya warware takardar.

Zanensa ne na farko, da sa hannunsa a ƙasa. Ga matakalar nan a miƙe sak, kamar ta kowane gida.

Nan take ranar ta dawo masa. An riga an zuba babban bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da bene, ya bushe. Kafintan ya zo da tef ɗin awo, ya ja shi gefe inda leburori ba za su ji ba, ya ce, “Yallaɓai, in muka bi takardar nan, duk wanda ya kai mataki na tara sai ya buga goshi.” Ya manta da kaurin bim ɗin a lissafinsa. Kuskure ne da ko ɗalibin shekarar farko ba a yafe masa, ga shi aikinsa na farko, ga likita yana tafe ƙarshen mako. Ya zauna a kan bulo ya riƙe kai.

Kafintan ya ce a ba shi kwana uku. Ya ɗauki alli ya tsuguna a daɓe yana ja yana gogewa. Ya jiƙa siraran katako a ruwa ya lanƙwasa su. Ya murɗa matakalar ta kauce wa bim ɗin, ta juya ta fuskanci haske. Abin da Mai Zane ya yi kawai shi ne lissafin rodin da za a sa a ciki.

Ranar da aka cire katako, likita ya tsaya a gindinta ya rungume shi, ya ce, “Yaro, kai gwani ne.” Kafintan yana bayansu yana zuba ƙusoshi a gwangwani. Mai Zane ya buɗe baki, ya rufe.

Ya naɗe takardar.

“To,” ya ce a hankali. “Da wannan za ka karɓi 'yata? Ubanka ne ya aiko ka?”

Dogo ya miƙe sosai. Sai yanzu Mai Zane ya lura da irin tsayinsa.

“Baba, ka zage ni in ka so, amma ka bar tsohona. Da na ga takardar nan na kai masa na tambaye shi. Ka san abin da ya ce? Ya ce, ‘Mai Zane ne ya sake tunani, kai ina ruwanka.’ Ni na auna bim ɗin da kaina na gane. Ko Auta ban gaya wa ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ina sonta, Allah ya sani, ban taɓa son wani abu kamar yadda nake sonta ba. Amma ba zan shiga gidanka ta wannan ƙofar ba. Ko ka ba ni ita ko ka hana ni, takardar taka ce.”

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya rusuna, ya juya ya tafi.

“Malam,” in ji shugaban sashe daga nesa, “saura matakala!”

Daga rufi suka sauko zuwa bene, suka taru a kanta.

Ko shi da ya san ta, sai da numfashinsa ya tsaya. Ta sauka tana murɗawa, ba ginshiƙi a tsakiyarta, ba abin da ya tokare ta a gefe. Cikinta sumul, zaren katako yana bin lanƙwasarta kamar ruwa yana gangara. Hasken doguwar tagar ya sauka a kan kowane mataki daidai inda ƙafa za ta taka. Ɗalibai suka sauka suna shafa ta. Har Gwaggo ta yi shiru.

“Wannan kam,” in ji ta da ta kai ƙasa, “ko ni na yarda. Ƙanena ne fa ya yi ta,” ta gaya wa 'yar jaridar. “Ni na goya shi.”

'Yar jaridar ta miƙo na'urarta.

“Malam, ko za ka sake ba mu labarin ɓawon lemon? Yadda kana ɓare lemo ka ga ya murɗe, sai tunanin matakalar ya zo maka?”

Ɗalibai suka gyara alƙaluma. Sun san labarin, yana cikin littafin da ake koya musu.

Mai Zane yana tsaye a mataki na tara. Ya ɗaga kai ya ga bim ɗin ya wuce ta gefensa, taƙi biyu daga goshinsa. Ya sauke ido. Auta tana ƙasa tana kallonsa. Duk da abin da ya yi mata da safe, fuskarta cike take da alfahari da shi.

“Babu wani lemo,” ya ce.

Wani ya yi 'yar dariya, ya ɗauka wasa ne.

“Babu lemo. Ƙarya na yi, kuma na daɗe ina yin ta. Ginshiƙan nan nawa ne. Tagar nan tawa ce, da iskar, da inuwar, ba wanda zai karɓe min su. Amma matakalar nan ni kuskure na zuba a wurin, wani ya mayar da shi abin da kuke gani.” Ya warware takardar ya ɗaga ta. “Ga abin da ni na zana. Da an bi shi, da likita ya fasa goshi a daidai inda nake tsaye. Kafintan aikin ne ya zana wannan da alli a ƙasa, cikin kwana uku. Shi ne kuma ya jera katakon bangon da ɗalibar nan ta tambaya. Mahaifin wancan ne.”

Ya nuna Dogo.

Lauya ya hau mataki biyu da sauri, ya rage murya.

“Baba, shawara nake ba ka, kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Ana ɗauka fa.”

“A ɗauka. Shugaba, a sa wannan a gilashi tare da sauran.”

“Innalillahi!” Gwaggo ta dafe ƙirji. “Ka tara mutane ka kwance mana zane a gabansu? Don ɗan kafinta? To ka ji da kyau, in dai wannan ce hanyar da za a bi a ba shi yarinyar nan, ni ba da ni ba. Ranar da ya shigo gidan, ranar zan fita!”

“Yaya, za mu yi magana a gida.”

“Ba mu da sauran magana!”

Auta ta hau ta same shi. Hawaye suna zuba ba ta share ba.

“Abba, dalilin ke nan? Wata takwas ina zaton wani mugun abu ka sani game da shi. Na daina barci, na daina cin abinci, har na fara dubansa ina neman aibin da ka gani. Ashe ba shi ba ne?”

“Ba shi ba ne, Auta. Ni ne.”

“Da ka gaya min. Wallahi da ka gaya min, ba abin da zai ragu a idona. Kai ne ka ɗaga gida sama don iska ta wuce. Wa ya taɓa yin haka?” Ta kama hannunsa da hannu biyu. “To yanzu amsar fa?”

“Yanzu ba ni kaɗai nake da amsa ba.” Ya dubi Dogo. “Mahaifinka yana gida?”

Dogo ya waiga wajen get.

“Yana bakin get, Baba. Tun ƙarfe tara. Ba a aika masa kati ba, ya ce ba zai shiga inda ba a kira shi ba. Idonsa ma ya yi rauni, ba ya gani sosai. Ya ce dai a ajiye shi inda zai ji mutane suna fitowa suna maganar gidan.”

Ta gabansa motarsu ta wuce ke nan da safe.

Mai Zane ya sauka. Ya ratsa ta tsakanin ginshiƙan, ya bi doguwar hanyar tsakuwa shi kaɗai, rana tana dukan kansa. Bai taɓa sanin hanyar tana da tsawo haka ba.

Tsohon yana zaune a kan benci a gindin bishiya, da sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Hannayen ne kaɗai ba su canza ba, manya, duk tabo.

“Salamu alaikum.”

Tsohon ya karkata kai.

“Wa alaikumus salam. Wannan murya na san ta. Yallaɓai?”

“Ni ne.”

“An tsufa.”

“An tsufa, Baba Kafinta.” Ya tsuguna a gabansa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. “Na faɗa musu. Yanzun nan, a gaban kowa. Na ce kai ka yi ta.”

Tsohon ya juya sandar a hannunsa.

“Ni ban aike ka ba.”

“Na sani.”

“Shekara talatin da ɗaya ban nemi komai a wurinka ba. Yau ma ba nema na zo ba. Ni na san abin da na yi, matakalar ma ta sani. In kuma don yaron nan ne ka faɗa, to ka sani ɗana ba abin tausayi ba ne. Ya fi ni hannu.”

“Na gani. Na nemi ƙarin da ya yi wa taga ban samu ba.”

“Ba za ka samu ba.” Gefen bakin tsohon ya motsa. “To me ya kawo ka?”

“Ka taɓa shiga gidan tun da aka gama shi?”

“Wa zai shigar da ni? Mu in an cire katako an sallame mu.”

“Na zo in shigar da kai. Ba ni hannunka.”

Tsohon bai miƙa ba.

“Ita yarinyar tana ciki?”

“Tana ciki.”

“To zan ji muryarta. Kai ka yi wata takwas kana auna ɗana, ni ma sai na auna taka. Ko katako sai na ƙwanƙwasa shi na ji amonsa kafin in yarda da shi. Ban ce na amince ba, ka ji ko?”

“Na ji.”

Sannan ya miƙo hannun. Mai Zane ya kama shi, ya tashe shi tsaye. Suka kama hanyar tsakuwa a hankali, kafaɗa da kafaɗa. Can gaba mutane sun fito ƙarƙashin ginshiƙai sun yi cirko-cirko. Gwaggo ta juya baya tana kiran Lauya ya kawo mota. Auta kuwa ta gyara mayafinta, ta share fuska, tana tahowa tana rawar jiki.

Da suka iso bakin daɓen, Mai Zane ya rage tafiya.

“A hankali, Baba Kafinta. Akwai ɗan tudu a nan.”

Tsohon ya ɗaga ƙafa ya taka shi daidai, ko sandar bai sa ba.

“Na sani,” ya ce. “Ni na buga masa katako.”